Wa Ke Bin Wa? Kasuwar Deribatif Bayan Rikicin 2008

Da yammacin Lahadi, 14 ga Satumba 2008, ranar da ba a saba cin kasuwa ba, aka kira manyan bankunan New York su buɗe teburan cinikinsu na 'yan sa'o'i. Kowa ya riga ya san da wuya bankin Lehman Brothers ya wayi garin Litinin da rai. Dabarar da aka ƙulla ita ce, in wani banki yana bin Lehman a kan wani ciniki, Lehman kuma yana bin wani bankin daban a kan irinsa, to a haɗa su biyun su fuskanci juna, a zare Lehman daga tsakiya. A baki abu ne mai sauƙi. Da aka zo yi, abin da aka iya ƙullawa bai taka kara ya karya ba, domin babu mahalukin da ke da cikakken lissafin wa ke bin wa, ko a bankunan ko a gwamnati. Washegari Lehman ya shigar da takardar fatara, da kwangilolin deribatif fiye da 900,000 a littattafansa. Ranar Talata Babban Bankin Amurka ya ba kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85, don an tabbata in shi ma ya kife, ba a san iyakar waɗanda zai danne ba.

Dokokin da aka kafa wa wannan kasuwa daga baya, a Washington da Brussels da Basel, duk daga wannan makon suka samo asali. A ganina sun yi maganin ciwon da aka gani a makon, kuma sun cancanci a yaba. Amma hatsarin yana nan, kama ya sauya. A da tambayar ita ce ko abokin cinikinka zai iya biya in wa'adi ya cika. Yanzu ta koma ko kai kana da tsabar kuɗin da za ka miƙa gobe da safe.

Deribatif kwangila ce da darajarta ke rataye a wuyan farashin wani abu daban: alkama, ɗanyen mai, dala, kuɗin ruwa, hannun jari, ko yiwuwar wani ya kasa biyan bashi. Manomin alkama a Kansas tun bai girbe ba zai ƙulla cewa zai sayar a kan farashi kaza in kaka ta yi. Kamfanin jirgin sama zai ɗaure farashin man da zai sha baɗi. Kamfanin da ya ci bashi mai kuɗin ruwa da ke hawa da sauka zai yi musaya da banki, shi ya riƙa biyan tsayayye, bankin ya ɗauki mai rawa. Wannan tsohuwar sana'a ce. Tun 1730 hukuma ta amince da cinikin shinkafar da ba a girbe ba a kasuwar Dojima ta Osaka, kasuwar hatsi ta Chicago kuma an kafa ta a 1848. Duk mai neman kare kansa yana buƙatar wani ya ɗauki hatsarin, kuma galibi mai ɗauka ɗan caca ne da farashi. Kasuwa ɗaya ce ke ɗauke da su biyun, shi ya sa raba halak da haram a cikinta ya gagari 'yan majalisa.

Kasuwar ta kasu biyu. Akwai ta fili irin ta Chicago, inda kwangiloli duk girmansu ɗaya, farashi yana kan allo, kowa kuma yana ajiye jingina. Akwai ta bayan fage, inda banki da abokin cinikinsa ke ƙulla abinsu su biyu kaɗai, a kan sharuɗɗan da suka ga dama. Ta biyun ce ta kumbura. A tsakiyar 2008, alƙaluman bankin BIS da ke Basel sun nuna jimillar adadin da aka rubuta a kan irin waɗannan kwangiloli ta haura dala tiriliyan 600, wajen ninki goma na abin da duniya kaf take samarwa a shekara. Adadin ya fi abin da ke ciki ban tsoro, don a musayar kuɗin ruwa ta dala miliyan 100, ba miliyan 100 ɗin ake miƙawa ba, bambancin ruwan kawai ke canja hannu. Abin tsoron shi ne sarƙar. Bankuna goma sha wani abu ne suka riƙe kasuwar, kowanne yana bin kowanne, kuma kowanne yana lissafin kansa a matsayin wanda ya tsira saboda ya sayar da hatsarin ga na kusa da shi.

Ba kuma rashin mai gargaɗi aka yi ba. A Mayun 1998 Brooksley Born, shugabar hukumar CFTC mai kula da cinikin kayayyaki na gaba, ta fitar da takarda tana tambayar ko lokaci bai yi ba da za a sa wa kasuwar bayan fage ido. Tambaya kawai ta yi. A ranar, Alan Greenspan na Babban Banki da Robert Rubin na Baitulmali da Arthur Levitt na hukumar hannayen jari suka yi mata ca. Watanni huɗu bayan nan asusun zuba jari na LTCM ya durƙushe da tarin deribatif, sai da aka tattara bankuna 14 suka zuba dala biliyan 3.6. Duk da haka majalisa ta ɗaure wa Born hannu, ta bar aiki a 1999, kuma a Disambar 2000 aka cusa wata doka cikin kundin kasafin kuɗi wadda ta fitar da mafi yawan kasuwar daga ƙarƙashin kowace hukuma. Hujjar masu dokar ita ce manya ne ke ciniki da manya, kowa zai kula da dukiyarsa fiye da yadda ma'aikacin gwamnati zai kula masa.

AIG ne ya ƙaryata wannan hujja. Kamfani mai ma'aikata fiye da 100,000, amma wani ɗan reshe mai mutum ɗari uku da wani abu, wanda ke gudanar da yawancin aikinsa daga Landan a ƙarƙashin Joseph Cassano, shi ya kayar da shi. Abin da reshen ke sayarwa shi ne CDS, wato inshorar bashi: ka riƙa biyana ɗan abu duk shekara, in wanda kake bi ya kasa biya ni zan cika maka. Ya sayar da irin wannan alkawari na ɗaruruwan biliyoyin dala, kusan biliyan 80 daga ciki a kan takardun da aka curo daga basussukan sayen gidaje. Da inshora ce ta gaskiya, da doka ta tilasta masa ya ware kuɗin biya. Tunda ba a kira ta inshora ba, bai ware ba. Abin da kawai ya jinginar shi ne sunansa.

A cikin kwangilolin akwai wani sharaɗi da mutane ƙalilan a hedkwatar kamfanin suka damu da shi: in darajar takardun ta sauka, ko in masu auna ƙarfin biyan bashi suka rage wa AIG matsayi, to sai ya ajiye tsabar kuɗi. A Yulin 2007 Goldman Sachs ya aiko da takardar neman dala biliyan 1.8. Aka yi ta ja-in-ja a kan farashi wata da watanni, sauran bankuna suka bi sahu. Ranar da Lehman ya faɗi aka rage wa AIG matsayi, kiran kuɗi ya zo masa ta ko'ina a lokaci guda. Tallafin gwamnati ya kai wajen dala biliyan 182, kuma an biya bankunan da ke bin sa, har da na Faransa da Jamus, kuɗinsu cif ba a rage ko sisi ba. Daga baya gwamnati ta maido da kuɗinta har da riba, amma wannan bai goge fushin Amurkawan da suka rasa gidajensu ba.

A Satumban 2009 shugabannin G20 suka haɗu a Pittsburgh suka yanke shawarar da har yau ita ce ƙashin bayan gyaran. Duk kwangilar da za a iya daidaita siffarta, a yi cinikinta a dandalin da ake gani, a kuma bi da ita ta gidan lamuni kafin ƙarshen 2012. Kowace kwangila a kai rahotonta rumbun rajista. Wadda ba ta bi ta gidan lamuni ba, bankin ya ware mata jari mai yawa. A taron Cannes na 2011 aka ƙara cewa ita ma sai an ajiye mata jingina. Amurka ta zuba wannan a dokar Dodd-Frank da Obama ya sa wa hannu a Yulin 2010, Tarayyar Turai ta yi tata, EMIR, a 2012. Wa'adin 2012 kuwa babu wanda ya cika shi gaba ɗaya. Amurka ta fara tilasta bi ta gidan lamuni a 2013, Turai sai 2016, dokar jingina kuma an yi ta shigo da ita kashi-kashi daga 2016 har zuwa Satumban 2022.

Gidan lamuni shi ne zuciyar al'amarin, kuma duk wanda ya san yadda fataken shanu ke ciniki a karar Ibadan ko Kumasi ya san aikinsa. Falke ya kawo shanu daga arewa bai san mahaucin garin ba, mahauci kuma bashi zai ɗauka. Maigidan da ya sauki falken ne ke tsayawa a tsakani: in mahauci ya gudu, shi zai biya. Haka gidan lamuni yake shiga tsakanin masu ciniki biyu, ya zama mai saye ga mai sayarwa, mai sayarwa ga mai saye. Bambancin shi ne bai yarda da sanayya ba. Kowa sai ya ajiye jinginar farko, gwargwadon asarar da za a iya tafkawa kafin a rufe cinikinsa. Sannan kullum, wani lokaci sau da yawa a yini, a duba farashi, wanda ciniki ya juya wa baya ya kawo ciko a miƙa wa ɗayan. In mamba ya kasa, a fara da cinye jinginarsa, sai kasonsa na asusun ko-ta-kwana, sai ɗan abin da gidan ya ware daga aljihunsa, sannan a faɗa wa kason sauran mambobi. Ƙa'idojin duniya da aka fitar a 2012 sun buƙaci manyan gidajen su tanadi abin da zai ɗauki faɗuwar mambobi biyu mafiya nauyi a lokaci guda.

Shugabannin ba da ka suka zaɓi wannan hanya ba, sun ga shaida. Lehman yana da musayar kuɗin ruwa ta wajen dala tiriliyan 9 a gidan lamuni na LCH da ke Landan. Cikin 'yan makonni gidan ya yi gwanjon su, bai ci fiye da kusan sulusin jinginar Lehman ba, bai taɓa ko kwabo na sauran mambobi ba. Kwangilolin bayan fage kuwa, an shafe shekaru ana shari'a a kansu.

Abin da aka cimma ba kaɗan ba ne. Yanzu fiye da kashi uku cikin huɗu na deribatif ɗin kuɗin ruwa ta gidan lamuni suke bi. Kasuwar CDS da ta kusa dala tiriliyan 60 a ƙarshen 2007 ta sauko zuwa wajen tiriliyan 10. Jimillar kasuwar ta sake haura tiriliyan 700 a 2024, amma in aka haɗa aka cire, ainihin abin da ake bin juna bai wuce wajen tiriliyan 3 ba, kuma galibinsa da jingina a bayansa. Kamfani ya sayar da alkawarin biliyoyi bai ajiye komai ba, kamar yadda AIG ya yi, ya zama abu mai wuya ƙwarai. Turai ma ta hana sayen CDS a kan bashin gwamnati ga wanda ba shi da abin da yake karewa, tun Nuwamban 2012. Mai karatun fiƙihu ba zai yi mamakin wannan ba, don muhawarar sayar da abin da ba ka mallaka ba ta daɗe a littattafansa, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta riga ta ƙi amincewa da kwangilolin zaɓi tun 1992.

Sai dai tun tawada ba ta bushe ba aka fara zaizayar dokar. Dodd-Frank ta ce bankin da gwamnati ta lamunce ajiyar jama'a a cikinsa ya fitar da wasu deribatif masu hatsari zuwa reshen da babu wannan lamunin. A Disambar 2014 aka soke mafi yawan sashen, a cikin kundin kasafin kuɗi kamar dai a 2000, kuma jaridar New York Times ta riga ta bankaɗo cewa fiye da layi 70 cikin 85 na daftarin daga shawarwarin 'yan kamun ƙafar Citigroup suka fito. Da CFTC a ƙarƙashin Gary Gensler ta ce dokar Amurka za ta bi rassan bankunanta na ƙetare muddin uwar kamfani ce ta tsaya musu, sai bankunan suka goge kalmar tsayawar daga kwangiloli suka ci gaba da harka a Landan, alhali kowa ya san in reshen ya faɗi uwar ce za ta ɗauka. Dokar ƙayyade yawan kwangilar hatsi da mai da mutum ɗaya zai riƙe, wadda tsadar abinci ta 2007 da 2008 ta sa aka matsa a kanta, kotu ta rushe ta a 2012, ba a kammala sabuwa ba sai 2020. A nan dai ina ganin an ɗora wa 'yan caca fiye da laifinsu: shinkafa ce ta fi kowane hatsi tashi a 2008, ita kuwa kasuwarta ta gaba ƙarama ce, hana fitarwa da Indiya da Vietnam suka yi ne ya fi tayar da ita.

Jan ƙafa ma ya yi tasa ɓarnar. Dokar ta raba aiki tsakanin CFTC da hukumar hannayen jari ta SEC, ita kuma SEC ba ta fara karɓar rahoton kwangilolin da ke hannunta ba sai Nuwamban 2021, shekara 11 bayan dokar. Watanni takwas kafin nan Archegos ya fashe. Bill Hwang, wanda tsohon asusunsa ya taɓa amsa laifin zamba a 2012, yana juya dukiyarsa ne ta Archegos ɗin, ofishin iyali irin wanda doka ba ta cika leƙawa ba. Maimakon ya sayi hannun jari da sunansa, sai ya ƙulla musaya da banki: bankin ya saya ya riƙe, shi Hwang ya ci ribar ko ya ɗauki asarar, ya ajiye ɗan kaso. Ya yi haka da bankuna da dama, kowanne bai san girman abin da ke wajen ɗan'uwansa ba, har nauyin da ke kansa ya kai wajen dala biliyan 160. Da hannun jarin ViacomCBS ya faɗi a Maris 2021 aka nemi ciko, babu. Bankunan da suka riga sayarwa suka sha, na baya suka kwana ciki. Asarar ta haura dala biliyan 10, Credit Suisse kaɗai biliyan 5.5, kuma bayan shekara biyu UBS ya haɗiye shi. An yanke wa Hwang shekara 18 a 2024. Tambayar ranar Lahadin Lehman ce ta dawo, wannan karon daga wajen bankuna.

Amma abin da ya fi damuna a cikin tsarin da ya yi aiki yake. Jingina da cikon kullum suna kare mai bin bashi, kuma lissafin jinginar yana bin rawar farashi: kasuwa na kwance a nemi kaɗan, ta hargitse a nemi da yawa. Ke nan a ranar da kuɗi ya fi wuyar samu, a ranar ake neman mafi yawansa daga kowa a lokaci guda. A Maris 2020, da annobar korona ta girgiza kasuwanni, jinginar farko da gidajen lamuni ke riƙe da ita ta ƙaru da wajen dala biliyan 300 cikin wata ɗaya, cikon yini guda kuma ya kai biliyan 140. Babu gidan da ya faɗi, aka yi ta murna. Amma masu biyan sun samo kuɗin ne ta hanyar janye ajiya da sayar da takardun bashin gwamnatin Amurka, kadarar da ake ɗauka ta fi kowace aminci, har kasuwarta ta cije, sai da Babban Banki ya shigo yana saye ba iyaka.

A 2022 abin ya faɗa kan waɗanda ba su yi caca ba ko kaɗan. Kamfanin lantarki a Sweden ko Finland yakan sayar da wutar baɗi tun bana, don ya san abin da zai samu. Da Rasha ta rage iskar gas farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai kwangilar ta nuna asara a takarda. Asarar ba ta gaske ba ce, don madatsar ruwansa tana nan kuma zai samar da wutar in lokaci ya yi. Amma gidan lamuni ba ya karɓar madatsar ruwa, tsaba yake so yau. A Satumba gwamnatin Sweden ta ba da lamunin krona biliyan 250, ta Finland yuro biliyan 10, ministan tattalin arzikin Finland yana cewa ya hango alamun Lehman a harkar makamashi.

A watan dai, Ingila ta ga nata. Asusun fansho da yawa sun ƙulla musayar kuɗin ruwa, sun kuma ci bashi a kan takardun gwamnati, don su daidaita abin da suka mallaka da abin da za su biya tsofaffi nan da shekara talatin. Ranar 23 ga Satumba ministan kuɗi Kwasi Kwarteng ya sanar da rage haraji na fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba. Darajar takardun gwamnati ta zube, aka nemi ciko, asusun suka sayar da takardun don su biya, sayarwar ta ƙara zubar da darajar, aka sake neman ciko. Cikin kwana biyar Babban Bankin Ingila ya shigo, ya sayi takardu na fam biliyan 19.3 kafin ƙura ta lafa. Abin ban haushi, hawan kuɗin ruwan a lissafin dogon zango alheri ne ga asusun, don yana rage nauyin da ke kansu. Da an bar su, da sun mutu da arziki a hannu saboda rashin na cefanen yini uku. An ce an yi gyara don kada hukuma ta sake ceton kowa, ga shi sau uku cikin shekara uku ta yi ceto, sai dai ba bankuna ta ceta ba.

Su kansu gidajen lamunin fa? An kwashe hatsarin da ke warwatse an tara shi a gidaje 'yan ƙalilan: LCH, CME, ICE, Eurex. LCH kaɗai ke ɗauke da kusan kashi 90 na musayar kuɗin ruwan da ke bi ta wannan hanya, abin da ya sa bayan ficewar Birtaniya, Tarayyar Turai ta kasa raba kanta da Landan, tana ta ƙara wa'adin amincewa da gidajen can, yanzu har zuwa Yunin 2028. Manyan mambobin kowane gida kusan bankuna ɗaya ne, don haka in ɗaya ya faɗi, a duk gidajen zai faɗi rana guda. Gidajen kuma kamfanoni ne masu neman riba, abin da suke sakawa daga aljihunsu ɗan ƙanƙani ne in aka gwada da na mambobi. Wanda ke tsara yawan jingina, yana gasar jan ciniki, ba shi ne zai fi jin jiki ba in ta gaza. Sun kuma taɓa faɗuwa: a Paris a 1974 kan sukari, a Kuala Lumpur a 1983 kan manja, a Hong Kong a 1987.

A Satumban 2018 mutum ɗaya, Einar Aas, ɗan Norway mai cinikin lantarki, ya yi cacar cewa tazarar farashin wuta tsakanin ƙasashen arewacin Turai da Jamus za ta ragu. Ruwan sama ya cika madatsu, tazarar ta ƙaru. Jinginarsa ta ƙare, aka bar ramin yuro miliyan 114. Gidan lamuni na Nasdaq ya biya miliyan 7, mambobi suka biya 107, kusan kashi biyu cikin uku na asusunsu na ko-ta-kwana. Asusun da aka ce zai ɗauki faɗuwar ƙattai biyu, mutum ɗaya ya kusa ƙarar da shi.

Na ƙarfen nikel ya fi wannan muni. Kamfanin Tsingshan na China ya ƙulla sayar da nikel mai yawan gaske nan gaba, babban kaso ta bayan fage da bankuna, inda kasuwar ƙarafa ta Landan, LME, ba ta gani. Bayan Rasha ta afka wa Ukraine farashi ya fara hawa, masu irin matsayinsa suka ruga saye don su rufe, hawan ya ƙara tsananta. Tan ɗaya da ke ƙasa da dala 30,000 ranar Juma'a ya haura 100,000 da asubahin Talata, 8 ga Maris 2022. LME ta lissafa ta ga in ta nemi ciko a wannan farashi, kusan dala biliyan 20 ne, mambobi da dama za su faɗi, mai yiwuwa har da gidan lamuninta. Sai ta rufe kasuwa ta soke cinikin safiyar na wajen dala biliyan 12, kamar ba a yi ba. Asusun Elliott ya kai ƙara, kotu ta ba LME gaskiya. Gidan ya tsira, amma da kuɗin waɗanda suka ci riba ta halal a ƙa'idar kasuwar. Har yau babu ƙasar da ta gwada dokar rushe babban gidan lamuni a aikace, kuma ban ga gwamnatin da za ta tsaya tana kallo LCH ko CME ya kife ba, ko me aka rubuta a doka.

Batun rahoto kuwa, an samu yawa an rasa tsabta. Rumbunan rajista suna karɓar bayanai birjik, an kuma ba kowane kamfani lambar shaida mai harafi da lamba 20 don a daina ruɗewa da sunayen rassa, darasin da aka koya daga ɗaruruwan rassan Lehman. Amma shekaru da yawa a Turai rahoton mai saye da na mai sayarwa a kan ciniki ɗaya ba sa dacewa, dokokin sirri kuma suna hana hukumar wata ƙasa ganin na wata. Kowa na ganin unguwarsa, babu mai ganin garin.

Akwai kuma ɓangaren da aka bari da gangan. A Nuwamban 2012 Baitulmalin Amurka ya keɓe musayar kuɗaɗen ƙasashe da cinikinsu na gaba daga tilascin gidan lamuni. A irin wannan musaya, saɓanin ta kuɗin ruwa, uwar kuɗin gaba ɗaya ake mayarwa in wa'adi ya cika. Bashi ne a komai, sai dai ba ya fitowa a ma'aunin kadara da bashi. A Disambar 2022 BIS ta ƙiyasta irin wannan alkawarin biyan dala ya haura tiriliyan 80, galibi na gajeren wa'adi, kuma wajen tiriliyan 65 yana wuyan bankuna da kamfanonin da ba a Amurka suke ba. Najeriya ta ɗanɗana ƙaramin samfurinsa. Babban Bankinta ya yi shekaru yana sayar da dala ta gaba yana kuma karɓar dalar bankuna ta hanyar musaya, ajiyar waje da ake sanarwa tana nuna fiye da biliyan 30. Da Olayemi Cardoso ya zama gwamnan bankin ya tarar da alkawuran kusan dala biliyan 7 da wa'adinsu ya wuce ba a cika ba, ya ce binciken Deloitte ya nuna biliyan 2.4 daga ciki ba su inganta ba. Daga baya bankin da kansa ya bayyana cewa a ƙarshen 2023, in aka cire abin da ake bin sa na kusa, ajiyar ba ta kai biliyan 4 ba.

Duk sanda dala ta yi wuya a wannan kasuwa, kamar a 2008 da 2020, abin da ke kashe wutar shi ne Babban Bankin Amurka ya ara wa takwarorinsa dala su raba wa bankunansu. A 2020 abin da ya bayar ta wannan hanya ya kai wajen dala biliyan 450. Biyar ne ke da wannan dama ta dindindin: na Tarayyar Turai, Japan, Ingila, Switzerland da Kanada. An buɗe wa wasu tara na ɗan lokaci, ciki har da Brazil, Mexico da Koriya ta Kudu. Babu ƙasar Afirka ko ɗaya a cikinsu.